OpenLDAP da 389 Directory Server: bambancinsu wajen tayarwa da tsayarwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yadda ka saba tayar da OpenLDAP da tsayar da shi zai yi maka aiki a kan 389 Directory Server da aka damƙa maka a sabon wurin aiki. Duka biyun manhajojin sabar ne da ke ajiye sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu na shiga kwamfuta. Wajen tayarwa ba su da nisa da juna, amma wajen tsayarwa da taɓa saiti sai ka yi taka-tsantsan.

Tushensu ɗaya, tsohuwar manhajar sabar da ake kira slapd ta Jami'ar Michigan, kuma duka biyun suna saurare a ƙofar sadarwa (port) mai lamba 389, ko ta 636 idan da rufin sirri. A Debian ko Ubuntu, `systemctl start slapd` ya wadatar da kai a OpenLDAP. Shi kuwa 389 yana iya ɗaukar sabar fiye da ɗaya a kwamfuta guda, kowace da sunanta, don haka dole ka kira sunan: `systemctl start dirsrv@suna`, ko `dsctl suna start`. Idan an kulle ma'ajiyar takardun shaidar rufin sirri da kalmar sirri kuma babu fayil ɗin pin.txt da ke riƙe da kalmar, 389 zai tsaya yana jiran a rubuta masa ita. Sai ka ga kwamfuta ta sake tashi da tsakar dare, safiya ta yi ma'aikata sun kasa shiga, alhali ba abin da ya lalace.

Tsayarwa ce ta fi damuna. Kada ka saba wa hannunka da `kill -9`, umarnin kashe manhaja da ƙarfi, a kan ko wanne. OpenLDAP na yanzu yana ajiya a rumbun bayanai na LMDB, wanda ke jure mutuwar farat ɗaya, ko da wuta aka ɗauke. Amma 389 da ke kan rumbun Berkeley DB, in ya mutu haka, sai ya bi rumbun bayanan yana gyara kafin ya karɓi kowa, kuma za ka ga ya rubuta hakan a fayil ɗin errors da ke cikin /var/log/dirsrv. Rumbu in babba ne, jiran yakan yi tsawo, kuma a nan ne mai gaggawa ke sake kashe shi ya ƙara dagula lamarin. Sababbin fitowar 389 sun koma LMDB, don haka fara duba wanda ka gada.

Wajen saiti kuwa sun yi hannun riga. A 389, in za ka gyara dse.ldif, fayil ɗin saitinsa, da hannu, tsayar da sabar tukuna. In tana aiki ka gyara, za ta rubuta nata a kan naka, wahalarka ta tashi a banza. A OpenLDAP ba a taɓa fayilolin saiti na slapd.d da hannu sam, ana aika canji ne da `ldapmodify` zuwa cn=config, reshen da saitin yake, sabar tana kunne. A ganina, ko a 389 ɗin ma gara ka riƙe `dsconf`, umarnin canza saiti sabar tana kunne, ka bar dse.ldif sai ranar da sabar ta ƙi tashi.

Ka kuma bincika ko 389 ɗin naku yana ƙarƙashin FreeIPA, tsarin da ke haɗa 389 da wasu ayyukan tantance masu shiga. In haka ne, yi amfani da `ipactl stop` da `ipactl start`, domin Kerberos, mai tantance masu shiga, da sauran ayyukan sun dogara da shi, kuma `ipactl` ne ya san wanda ke fara tashi da wanda ke biyo baya.