Zanin Gado na Auduga Zalla: Abin da Na Gani Cikin Wata Huɗu

Tun da na cika shekara 49 al'adata ta fara yi mini wasa, gumin dare ya zame mini abokin kwana. Wajen ƙarfe biyu na dare sai in ji zafi ya taso daga ƙirji ya haye wuya da fuska, kafin in ankara rigar barci ta jiƙe sharkaf, can kuma sanyi ya biyo baya. Likita ta bayyana mini cewa raguwar isturojin, wato sinadarin jiki da ke tafiyar da al'adar mace, ita ce ke kawo haka idan al'ada ta kusa ɗaukewa, galibi tsakanin shekara 45 da 55, ta kuma shawarce ni in fara da gyara makwancina.

A watan Maris, da bazara ta kawo kai, na sayi zanin gado na auduga zalla guda biyu a Kantin Kwari da ke Kano. Da yake ana yawan cakuɗa auduga da zaren roba, na roƙi mai shagon ya zaro mini zare ɗaya daga gefe, muka sa masa ashana. Ya ci da wuta yana ƙaurin takarda, ya bar toka mai laushi. Da akwai roba a cikinsa, da ya narke ya dunƙule ya yi tauri.

Bambancin ya fito tun a makon farko. Tsohon zanina mai santsi da sheƙi yakan riƙe gumi a kan fata har ya manne mini a baya, shi kuwa wannan yana tsotse danshin, iska na ratsa shi, har nakan koma barci ba tare da na tashi sauya kaya ba. Sai dai ban ga cikakken amfaninsa ba sai da na yaye ledar da katifata ta zo da ita, wadda na bari shekara da shekaru don gudun datti, alhali ita ce ke tare zafin a ƙarƙashina. Na haɗa da watsa ruwa kafin kwanciya, na rage yaji da shayi mai citta da dare, na kuma ajiye ruwan randa kusa da gado.

Gumin bai ɗauke ba, domin zani ba magani ba ne, kuma wannan batu yana damuna ƙwarai idan na ji ana tallar kayan kwanciya kamar suna warkarwa. Wanda gumin dare ya haɗe masa da rama da tari na fiye da mako biyu, ya nemi gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin gwamnati, maganinsa na wata shida ma kyauta ne. Zazzaɓin cizon sauro yana sa gumi, haka ma faɗuwar suga cikin dare ga mai allurar insulin.

Zanin yana da nasa aibu. Ya fi na roba tsada, yana yamutsewa sai an yi masa guga, ya kuma ɗan tsuke bayan wankin farko, don haka a sayi wanda ya ɗara katifa. A daren da gumi ya yi yawa yakan daɗe da danshi, shi ya sa nake ninke na biyun a ƙafar gado, musamman yanzu da damina ta sauka, shanya ba ta bushewa da wuri.