Haibiskos ko faranjifani? Abin da na gani a tsakar gidana na Agege

Tun da muka tare a gidanmu na Agege nake son in buɗe ƙofa in ga kore. Duk wanda ya san gidajen Legas ya san yadda ake malale ko'ina da siminti, sai ɗan zirin ƙasa da magini ya bari a jikin katanga. Namu zirin bai wuce taku shida ba. Ni kuwa a Katsina na tashi, a gidan da akwai darbejiya da zogale da lalle, ban saba da zaman da ido ba ya sauka a kan ganye ba. Maigida ya ce darbejiya kam ba za ta yiwu ba, saiwarta za ta fasa masa katanga da ramin sokawe, sai dai in nemi abin da ba ya cin wuri.

A farkon watan Mayun 2024 muka tsaya wajen masu sayar da shuke-shuken bakin titi a hanyar Ikeja. Abu biyu na ɗauka. Na farko haibiskos, ja, guda uku, wadda da na ga furenta na ce ai wannan 'yar uwar yakuwa ce. Kuma haka ne, danginsu ɗaya da yakuwar da muke zoɓo da ita, da rama, da kuɓewa, har da auduga. Ita ba bishiya ba ce, tsayinta ba ya wuce na mutum da yawa in ana aske ta. Na biyu faranjifani, ƙaramar bishiyar nan mai rassa kamar yatsu masu kauri, mai farin fure da ɗigon ruwan ƙwai a tsakiya. Na daɗe ina ganinta a tsofaffin gidajen Ikoyi, ina sha'awarta. Kuɗinta ita kaɗai ya fi na haibiskos ɗin nan uku a haɗe, amma ban yi dogon ciniki ba saboda raina ya riga ya kwanta da ita.

Sau biyu na tambayi mai sayarwar ko ta kama. Ya ce, "Alhaja, wata uku tana cikin ledar nan, ta yi saiwa ta cika leda." Har ya ƙara da cewa kada mu kuskura mu warware ƙasar, mu yanke gindin ledar kawai mu zura ta a rami yadda take, don saiwar ba ta son taɓi. Na ɗauka nasiha yake yi mini tsakani da Allah. Haka Baba mai gadi ya yi, ya haƙa rami a kusurwa, ya zuba takin shanu wanda ya kwana biyu da aka kawo mana daga wajen mayankar Oko-Oba, ya dasa ta ba tare da kowa ya ga abin da ke cikin ledar ba.

Mako uku tana nan da ganyenta shida, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Na ce baƙunta take yi. Sai ruwan Yuni ya kankama. Ruwan Legas ba irin namu ba ne, abin da ke sauka a shekara ya ninka na Katsina fiye da sau biyu, kuma Yuni ne tsakiyarsa. Ganyen ya fara yin rawaya yana zuba ɗaya bayan ɗaya. Ranar 3 ga Yuli aka yi ruwan nan da ya wuni yana zuba har motoci suka tsaya cak a unguwanni da yawa. Mu Agege muna kan tudu, ruwa bai shigo mana ɗaki ba, amma kusurwar da bishiyar take ta kwana da ruwa, don indararon maƙwabci nan yake zuba. Bayan kwana biyu na je na danna gindinta da ɗan yatsa, sai ya lotsa kamar ayabar da ta nuna ta wuce. Na kira Baba. Ya kama ta da hannu ɗaya, ko ƙarfi bai sa ba, ta zaro ta taho masa kamar an zare taɓarya daga turmi.

Wallahi ko zare ɗaya na saiwa babu. Gindin a yanke yake sumul, yankan wuƙa, ya yi baƙi ya ruɓe yana wari. Reshe ne aka saro daga wata bishiya aka soka a leda, wataƙila a makon da na saya, ganyen da na gani na uwar ne, ba nata ba. Shi ya sa ya ce kada a warware ƙasa.

Wannan abin ya tsaya mini a rai fiye da kuɗin. Da ya ce mini, Alhaja, sabon yanka ne, ki kai gida ki lallaɓa shi, da na saya a haka na san yadda zan yi da shi. Na naɗe gindin a jarida, muka koma da maigida ranar Asabar. Ya duba, ya ce ruwa na cika mata. Na ce ruwan sama ni na aiko shi? Kuma ruwa yana cinye saiwa har ya bar yankan wuƙa? Ya ce shi bai san wannan ba, in ina so ga wata, kuɗinta kaza, ko kwabo bai rage ba. Abokan sana'arsa na gefe suna ji, kowa ya kawar da kai. Maigida ya ce, "Hajiya, ki bar shi, mu tafi." Na taho ina jin zafin abin har gida.

A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya sayi haibiskos ya huta. Don ita abin da ta gani ya fi haka, kuma ta tashi. Ana saura kwana biyu Babbar Sallah ragon layya ya tsinke da dare, gari ya waye ya cinye biyu daga cikin ukun, bai bar komai ba sai tsirarun karare. Faranjifani tana gefe ko sansana ta bai yi ba, saboda farin ruwan da ke jikinta. Na ɗauka sun mutu. Kafin ƙarshen Yuli sun yi toho ta ko'ina, kuma waɗanda ragon ya ci sun fi wadda ya bari yawan fure, domin ita a sabon reshe take fure, askewa ƙara mata yake yi. Ruwan da ya ruɓar da waccan, ita daɗinsa ta ji. Furenta kwana ɗaya yake yi, ya buɗe da safe kamar tafin hannu, da yamma ya naɗe, washegari ki share shi a ƙasa, amma wani ya riga ya buɗe a madadinsa.

Abin da ya sauya mini ra'ayi wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, Bayarabiya, da ke da babbar faranjifani a bayan gidanta. Ta ga reshen a jefe kusa da kwandon shara, ta ce in ɗauko. Ta sa aka kawo wuƙa, ta riƙa yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗan-kaɗan tana hawa sama, har ta kai inda cikin ya yi fari tas, farin ruwa kamar nono ya tsattsafo. Irin na tumfafiya ne sak, kuma ashe danginsu ɗaya. Ta ce kada yara su taɓa, yana ƙona ido yana sa ƙaiƙayi. Abin da ya rage bai fi kamu biyu ba. Ta ce in jingine shi a inuwa inda ruwa ba ya taɓawa, mako biyu, sai bakin yankan ya bushe ya yi tauri, sannan in soka shi a bokiti mai huji da yashin gini gauraye da ƙasa kaɗan, ba taki, in kuma manta da shi. Na ce, "Mama, ba ruwa?" Ta ce iskar Legas kaɗai ta ishe shi sha.

Haka na yi. Aka yi sa'a ya faɗo daidai ɗan tsagaitawar ruwan da ake samu a watan Agusta. A Satumba sai ga wasu 'yan jajayen ƙumbuna a kan reshen, suka buɗe suka zama ganye dogaye masu sheƙi. Da hunturu ya shigo ganyen ya zube gaba ɗaya, gabana ya faɗi, na ruga wajen Mama. Ta nuna mini tata, ita ma tsirara take. Ɗabi'arta ce, asalinta daga Meksiko da tsibiran Karibiyan take, inda ake dogon rani, tana ajiye ruwa a jikinta ta zubar da ganye ta jira.

Cikin azumin 2025, a watan Maris, na fito da asuba zan ɗora ruwan shayin sahur, sai wani ƙamshi ya tare ni a bakin ƙofar kicin. Na tsaya ina neman wanda ya fesa turare a wannan lokaci. Na haska fitilar waya, sai ga fure huɗu sun buɗe a kan sandar nan da ko ganye ba ta gama mayarwa ba, kowanne da kunne biyar a murɗe, fari sol, tsakiyarsa kamar an ɗiga man shanu. Na tashi maigida na ce ya zo ya gani. Ƙamshinta da dare yake tashi, da rana sai kin kai hanci. Kusan wata biyu tana ba mu fure, autata tana tsintar waɗanda suka faɗo tana jera su a faranti da ruwa. Haibiskos duk kyanta ba ta da ƙamshi ko kaɗan, kuma a wannan watan na ji kamar ban taɓa shuka wani abu ba sai wannan.

Sai dai damina na dawowa raina ya sake ɓaci. Ƙarƙashin ganyen ya cika da wani gari ruwan lemo kamar tsatsa, in kin shafa ya kama miki hannu, ganyen ya bushe ya faɗi tun lokacinsa bai yi ba. Laimar Legas ce ke kawo shi, sai dai ki yi ta tsinkewa kina ƙonawa. Sannan na tuna mutumin nan ya ce mini cikin shekara biyu za mu shimfiɗa tabarma a inuwarta. Ina! Bishiya ce mai nawar girma, har yanzu ba ta kai ƙuguna ba, da bokitin da komai. Da tun farko mai saiwa ya ba ni, da yanzu ta yi rassa, shekara guda cur ya cinye mini. Wanda ke neman inuwa irin ta darbejiya ko mangwaro, kada ma ya fara.

Ita ma haibiskos ba ta bar ni na huta ba. Da rani in kwana biyu ba ta sha ba sai ta langaɓe, ga kuɗin ruwa. Kuma wasu fararen ƙwari kamar an yaɓa auduga sun mamaye kan tohonta, tururuwa na hawa da sauka a kansu, 'ya'yan furen suna zubewa tun ba su buɗe ba. Na jiƙa ganyen darbejiya da ɗan sabulu ina fesawa da yamma duk bayan kwana huɗu, sai a karo na biyar suka ja da baya, kuma har yau suna leƙowa. Duk da haka ita ce ta rufe mini katangar, ita baƙi ke gani su yaba, kuma daga reshenta na dasa wa ƙanwata guda biyu a Idi-Araba, duka sun kama ba wahala.

Faranjifani tana nan a bokitinta, na ɗora shi a kan bulo biyu nesa da indararo. Baba ya ce mu tara yashi mu yi mata tudu mu mayar da ita ƙasa in hunturu ya zo, ni dai har yanzu hannuna bai yarda ba. Ranar Lahadi muka bi ta hanyar Ikeja, na hango mutumin yana nuna wa wata mata irinta a leda, da ganye shida a kai. Na ce maigida ya tsaya, na sauka na ce mata, "Baiwar Allah, ki sa ya yaga ledar a gabanki kafin ki biya."