Gurbin tasha ta uku a besbol: a sayi tauraro ko a yi karɓa-karɓa?

Da zarar kakar besbol ta ƙare a Amurka, sai ka ga wata ƙungiya ta wayi gari babu mai tsare mata tasha ta ɗaya ko ta uku, wato wuraren da mai bugu ke bi da gudu kafin ya ci maki. Tun yanzu in faɗa, ni ɗan karɓa-karɓa ne, wato a raba gurbin tsakanin mutum biyu.

Sayen tauraro ba zan daɗe a kansa ba. Los Angeles Angels ta ba Anthony Rendon dala miliyan 245 na shekara bakwai a ƙarshen 2019, amma daga 2021 zuwa 2024 rauni bai bar shi ya kai wasa 60 cikin 162 ba ko sau ɗaya. Ɗauko yaro ta zaɓen Rule 5, inda ake ɗibar 'yan wasan da wata ƙungiya ba ta sa cikin jerin waɗanda ta kare ba, kuwa caca ce: dala 100,000 kacal, amma dole ya zauna cikin 'yan wasa 26 na babbar ƙungiya har ƙarshen kaka.

Karɓa-karɓa mutum biyu ne a gurbi ɗaya. Ranar da mai jifan abokan karawa ɗan hannun dama ne, sai a sa mai bugu bahago, ranar bahagon mai jifa kuma a sa ɗayan. Dalilin shi ne ƙwallo mai lanƙwasa tana guje wa mai bugun da hannunsu ɗaya da mai jifa, amma tana shigowa wajen wanda suka saɓa, ya fi ganinta sosai. Koci Casey Stengel ya yi haka a New York Yankees, yana musanya Bobby Brown da Billy Johnson a tasha ta uku, a farkon shekarun da ya ci kofin World Series, babban kofin besbol na Amurka, sau biyar a jere, 1949 zuwa 1953. San Francisco Giants ma ta dogara da wannan dabara sosai a 2021, ta ci wasa 107. Mafi ƙarancin albashin shekara a babban rukunin besbol a 2025 dala 760,000 ne, ka ga mutum biyu irin waɗannan ba su kai ko kusa da kuɗin tauraro ɗaya ba. A kashe kuɗin a kan bahagon, shi zai fi buga wasa tunda masu jifa 'yan dama sun fi yawa. Sai dai a tasha ta uku, ko da hagu yake bugu, lallai ya zama da dama yake jifa.

Araha ma takan yi ado. Los Angeles Dodgers ta ɗauki Justin Turner a 2014 da Max Muncy a 2017 da kwantiragin ƙaramin rukuni, bayan ƙungiyoyinsu sun sallame su. Muncy ya fitar da ƙwallo bayan katanga, bugun da ke ba da maki kai tsaye, sau 35 a 2018.

Amma jama'a, a yi hattara da alƙaluma masu ruɗi. Ƙungiyar da nake goyon baya ta taɓa ɗaukar wani saboda ya yi zafi wata guda, na yi ta murna, kafin watan Yuni an sallame shi. Tun daga nan ba na yarda da bajintar wasannin share fage na Arizona da Florida, inda rabin masu jifan yara ne. Ba na yarda da alƙaluman filin Coors na Denver, mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku, inda ƙwallo ke tashi fiye da ƙima, haka na filayen ƙaramin rukuni na Albuquerque da Reno. Wanda aka ce gwanin buga jifan bahagwai ne, a duba alƙalumansa na shekara uku, domin bugu ɗari ba ya nuna komai. Shekarun haihuwa ma a bincika: a 2008 ɗan wasa Miguel Tejada ya amsa cewa ya girmi abin da ke takardunsa da shekara biyu. Kafin a sa hannu, likita ya fara duba gwiwa da kafaɗa.