Shagon fotokwafi na bakin kasuwar Maigatari

Ranar Alhamis na kai wa yaron shagon takardun karatuna, shafi 40 a kan Simone de Beauvoir, marubuciyar nan Bafaranshiya da ta rasu a 1986. In janareta ya tayar, naira 50 yake karɓa kowane shafi. Akwai tsada, amma yana da ladabi, "Malama, ga kujera" kafin ma in gama sallama.

Tawadarsa ce matsalar. Shafi na 17 ya fito fari-fari, kuma nan ne maganarta ta 1949 take, cewa ba a haihuwar mutum mace, zama ake yi, tarbiyya da al'ada ke ƙera ta. Sai da na haska da tocilan. Ina cikin karantawa 'yar ƙanwata ta shigo da tulu a kai, wanta kuwa yana can filin ƙwallo tun la'asar. Na yi shiru. Ban bi maganar Beauvoir duka ba dai, naƙuda da shayarwa ai ba koya mana aka yi ba.

Ɗaurin takardun kam ya yi kyau. Zan koma, amma sai ya sake tawada.