Gargaɗi ga masu kiwon kaji a gida: kada ku miƙa wa mai farar rigar nan kajinku

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kaji a gida. Akwai wani mutum da ke zaga unguwanni a kan babur, sanye da farar riga irin ta ma'aikatan asibiti, da baƙar jaka a rataye, yana cewa shi likitan kaji ne mai gyaran baki. Don girman Allah kada ku ba shi ko da kaza ɗaya. Ni ya riga ya cuce ni, kuma har yau in na leƙa akurki sai raina ya ɓaci.

Kaji tara gare ni, na Hausa, kuma ɗaya ce kawai ke da matsala. Wata ja ce, mai yawan ƙwai. Tun da muka dame tsakar gida da siminti na killace su, na koma ba su jiƙaƙƙiyar dusa kullum, sai bakinta na sama ya yi tsawo ya lanƙwaso kamar na shaho. Ta kai sara ga ƙwayar dawa sau uku, sau huɗu, ba ta ɗauka ba. Da na ɗaga ta na shafa ƙirjinta, ƙashin ya fito kamar kaifin wuƙa. Ina cikin wannan damuwar ne yaro ya shigo ya ce ga mai maganin kaji a ƙofar gida.

Aka kai masa ita soro. Ya juya ta, ya buɗe bakin, sannan ya ɗaga murya yadda zan ji daga ciki: "Hajiya, ai wannan fakat ce ke tafe, ta baki take farawa. In ba a yanke wa dukansu ba, kafin sati akurkin nan ba za ki sami ko gashi ba." Farkon hunturu ne, lokacin da annobar ke share kajin unguwa, duk mai kiwo ya san fargabar. Na ce, "To Malam, nawa ne?" Ya ce naira 500 kowace kaza, da wata kwalba ta naira 3,000 da za a riƙa shafawa don kada bakin ya sake tsawo. Ya nemi a kai masa garwashi. Ni ina ciki, yara na ɗiban kaji suna kai masa. Wannan shi ne ya fi ci mini rai: da na tsaya na ga ta farko, da ban bari an kai ta biyu ba.

Filaya ya sa ya datse bakunan, wasu har kusan rabi, ya ɗora musu jan ƙarfe. Kafin in gama ganin jinin da ke ɗiga a ƙasa ya tada babur.

Kwana uku kajin nan ba su taɓa abinci ba. Su zo gaban kwano, su kai baki, su ja da baya suna girgiza kai. Ƙwai ya tsaya cak. Biyu suka mutu, har da zakaran da nake ajiye wa Sallah.

Sai na ɗauki jar kazar da kwalbar na tafi asibitin dabbobi, abin da ya kamata in yi tun farko. Likitan ya duba kwalbar, babu lambar NAFDAC, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa. Ya ce babu wani man shafawa da ke hana bakin kaza girma, domin baki kamar farce yake, yana tsirowa muddin tana raye. Kazar da ke yawo tana tono, tana sarar ƙasa da tsakuwa, tana goga baki a jikin dutse bayan ta ci, da kanta take rage shi. Wadda aka kulle a kan siminti mai santsi ana ba ta abinci mai laushi ba ta da abin da zai cinye mata shi.

Ya nuna mini a jikin kazar. Ɗan tsinin ƙarshe, wanda launinsa ya fi haske, har kamar ana hango hasken rana ta cikinsa, shi ne matacce, yanke shi ba ya ciwo. Daga nan zuwa ciki kuwa akwai ƙashi da jini da jijiyoyi, da su kaza ke jin abin da ta taɓa, ta bambance ƙwaya da tsakuwa. Wanda ya datse nan ya yanke mata nama mai rai ne. Yankan baki da ake yi a manyan gonaki wani abu ne dabam: ga 'yan tsaki ake yi a kwanakinsu na farko, da na'urar da aka tanada, ba a wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma don kada dubban kajin da aka cunkusa wuri guda su riƙa sarar juna. Me ya haɗa wannan da kaji tara a tsakar gida?

Gyaran da jar kazar ke bukata bai fi na minti biyar ba, kuma kowace mace za ta iya. Ki naɗe ta a zane, fukafukai da ƙafafu a ciki, kai kawai a waje, wani ya riƙe miki. A wuri mai haske, ki sa abin yanke farce mai tsabta ki ɗan cire tsinin kaɗan-kaɗan, kina dubawa bayan kowane yanka. Da kin ga tsakiyar wurin ya fara canza launi, ki tsaya. Sai ki goge kaifin da samfefa mai laushi ko abin goge farce. Kada ki daidaita na sama da na ƙasa, haka Allah ya halicce ta na sama ya ɗan ɗara. In tsawon ya yi yawa, a rage kaɗan yau, a bari sai bayan sati biyu a ƙara. In jini ya fito, ki danna garin masara ko fulawa a wurin har ya tsaya, ki ware ta daga sauran, don kaji in sun ga jini sara suke yi. Sannan ki ajiye musu bulo ko dutse mai kaushi kusa da kwanon abinci, ki riƙa watsa musu tsaki a kan ƙasa. Amma kazar da bakinta ya harɗe, na sama ya nufi dama na ƙasa ya nufi hagu, yawanci da shi ta taso, ba ya miƙewa. Sai dai a riƙa rage mata, ana zuba mata abinci a kwano mai zurfi. Duk wanda ya ce zai miƙar da shi, kuɗinki yake so.

Maganar fakat kuma ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tsawon baki ba ya cikin alamunta, kuma rigakafi ne ke tare ta, irin su Lasota da ake sawa a ruwan sha ko a ɗiga a ido. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafinta, ana kuma samu ta hannun likitocin dabbobi. Hasali ma mutumin da ke fita wannan gida ya shiga wancan da filaya ɗaya ba wanki, da takalmin da ya taka kashin kajin wasu, shi ne zai iya kawo muku cutar har ƙofa.

Na ji ya fara cewa wai gwamnati ce ta turo shi. Ku ce ya nuna katin aiki, ku tambaye shi daga wane asibiti yake, ku kira mai unguwa. Ku kuma gaya wa yara da tsofaffin gida, don lokacin da maza suka fita yake zuwa.

Kaji bakwai suka rage mini. Huɗu sun fara ci da kansu. Uku har yanzu sai na dama musu dusa ruwa-ruwa a kwano mai zurfi, safe da yamma, kuma likita ya ce bakin biyu daga ciki ba lallai ya dawo yadda yake ba.