Itace, Gawayi, Gas ko Lantarki: Wane Murhu Ya Kamata Magidanci Ya Saya?

A mafi yawan gidajenmu babu wani abu da ake ƙonawa kullum, safe da rana da dare, kamar makamashin girki, saboda haka duk wanda yake son rage nasa kason a cikin gurɓata iska da ɗumamar yanayi, to daga madafa ya kamata ya fara. Lamarin ya shafi lafiya tun kafin ya shafi yanayi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin da ake shaƙa a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yaran da suke goye a bayansu su ne suka fi kusa da wannan hayaƙi. Kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, abubuwa uku zai auna: abin da murhun zai riƙa ci a wata, irin tukunyar da za a riƙa ɗorawa a kansa, da kuma ko ana samun makamashinsa a kusa ba tare da yankewa ba. Kuɗin sayen murhun shi ne na huɗu, duk da cewa shi ne yawanci ake fara tambaya a kasuwa.

Murhun gargajiya mai duwatsu uku ba a sayensa, amma yana da tsada idan aka yi lissafin itacen da yake ci a shekara. Abin da yake shiga tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, sauran kuwa iska ce take kwashewa. Kunkunniyar da take baƙanta rufin madafa ita ce dai take tashi sama, kuma tana cikin abubuwan da suke kama zafin rana. Amfaninsa guda ɗaya, wanda ba a raina shi, shi ne yana ɗaukar kowace irin tukunya, har ta biki, kuma ba ya motsi idan an sa muciya ana tuƙin tuwo.

Gawayi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi yaudarar mai saye. Da kananzir ya yi tsada risho ya koma bayan ɗaki, gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Sakkwato sun koma kurfoti da mangal, suna ganin sun samu wuta mai tsabta tunda ba ta hayaƙi kuma ba ta ɓata tukunya. Gaskiyar magana ita ce an riga an yi hayaƙin a daji. A ramin ƙona gawayi na gargajiya, sai an ƙone itace kilo 5 zuwa 10 kafin a samu kilo ɗaya na gawayi, kuma masu wannan sana'a sun fi neman manyan itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke da kaɗanya, waɗanda suke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma. Ke nan buhun gawayi ɗaya da aka sauke a ƙofar gida yana iya zama ya cinye itacen da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Wannan yana faruwa ne a yankin da tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa katangar itatuwa don tare hamada, shirin da ya haɗa jihohin arewacin Najeriya 11, daga Kebbi har Borno, da kuma Jamhuriyar Nijar, inda manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da miliyoyin itatuwa, musamman gawo, ta hanyar barin tohon da ya fito a gonakinsu ya girma. A ganina babban abin takaici ne a ce ana wannan wahala a karkara, mu kuma a birni muna ƙone sakamakonta a kurfoti mai huda ta ko'ina.

Wanda ba shi da mafita sai gawayi, to ya sayi murhun da aka lulluɓe cikinsa da gasasshen yumɓu, mai ƙaramar ƙofar iska da ake buɗewa a rufe, domin yumɓun yana riƙe zafi, ƙofar kuma tana ba da damar rage wuta idan miya ta tafasa. Ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya duba ko yumɓun bai tsage ba, ya kuma guji na falle-fallen gwangwani wanda damina ɗaya take isa ta cinye shi. Idan ana sayar da curarren gawayi na ɓuntun shinkafa ko garin katako a garinsu, ya gwada shi, tunda daga abin da za a zubar ake yin sa. Kada kuma a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga lokacin hunturu, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.

Ga gidan da itace yake da sauƙin samu, ingantaccen murhun itace shi ne sayayya mafi ma'ana. Akwai na laka da ake ginawa a madafa daidai girman tukunyar gidan, akwai kuma na ƙarfe, irin Save80 da ƙungiyar atmosfair ta Jamus take ƙerawa a Kano, wanda sunansa ya samo asali daga alkawarin rage cin itace da kusan kashi 80 cikin ɗari. Irin wannan murhu ƙananan ƙirare yake ci, waɗanda ake samu daga sassabe da rassan da suka bushe, ba sai an kayar da bishiya ba. Sai dai yana neman haƙurin faskara itace ƙanana da yawan iza wuta, kuma wasu nau'o'in da tukunyarsu suke zuwa, ba sa karɓar wata. Shawarata ga maigida ita ce kada ya saya shi kaɗai. Ya tafi da uwargida, ko aƙalla ya auno faɗin gindin tukunyar tuwonta, domin murhun da yake rawa a ƙarƙashin muciya ba zai yi mako biyu ba za a jingine shi a koma kan duwatsu, kuɗin kuma ya tafi a banza.

Gas yana da nasa laifin, tunda daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, kuma kowane kilo ɗaya da aka ƙone yana sakin iskar kabon kusan kilo 3, wato tukunyar gas mai kilo 12.5 takan saki kusan kilo 37. Duk da haka fiye da rabin zafinsa yana shiga abinci, ba ya kunkunniya, ana kashe shi nan take idan an sauke tukunya, kuma ba ya taɓa bishiya ko ɗaya. Idan aka haɗa waɗannan, gidan birni da ya bar gawayi ya koma gas ya rage ɓarna sosai. Gwamnatin Najeriya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa gas a 2021, a Nijar kuma matatar SORAZ ta Damagaram tana samar da shi tun 2011, amma farashinsa yana hawa da sauka, kuma wannan ne yake mayar da mutane kan gawayi. Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗaura kan murhun a samanta, ta dace da ɗalibi ko amarya da ango, amma tsayinta bai dace da tuƙin tuwon mutum goma ba. Gida mai iyali ya fi dacewa da mai kilo 12.5 da murhu na daban wanda yake zaune daram. A duba shekarar ƙira da aka buga a jikin tukunyar, domin ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya ita ce kada ta wuce shekara 15 ana aiki da ita. A guji mai tsatsa a gindi ko wadda aka sake wa fenti don ɓoye tsufa, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo a ga ko zai yi kumfa, a kuma tabbata harshen wutar shuɗi ne, domin ja ko rawaya alama ce ta cewa gas ɗin ba ya ƙonewa sosai.

Lantarki kuwa maganarsa gajera ce. Murhun maganaɗisu, wanda yake zafafa gindin tukunyar ƙarfe kai tsaye ba tare da harshen wuta ba, da tukunyar matsi mai aiki da lantarki, wadda murfinta yake kulle tururi a ciki, sun fi duk sauran tattalin zafi, kuma wani ɓangare na wutar Najeriya daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru yake fitowa. Amma sai inda wuta take tsayawa, kuma tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin wuta ga rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta a rana, dole mai saye ya yi lissafi da kyau. Wanda zai tayar da janareta domin ya dafa shinkafa ya fi mai gas ɓarna da kashe kuɗi.

Akwai wasu ƙananan kaya da suke rage cin makamashi a kan kowane murhu, kuma su ne aka fi mantawa a lissafin sayayya. Murfi mai kama bakin tukunya sosai yana gaba. Tukunyar matsi tana dafa wake da ganda da ƙafar saniya cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba, balle idan an jiƙa waken tun dare. Kwandon da aka shimfiɗa wa tsofaffin tsummoki ko auduga shi ma yana aiki: idan shinkafa ta tafasa na 'yan mintoci sai a sauke ta a rufe, a cusa ta a ciki a danne da matashi, ta ƙarasa nuna da zafin jikinta ba tare da wuta ba. Itace kuma a tabbata busasshe ne, domin ɗanye yana ɓatar da zafinsa wajen ƙafar da ruwan da ke cikinsa.

Da ni za a tambaya, gidan birni mai matsakaicin ƙarfi ya sayi gas mai kilo 12.5 don girkin yau da kullum, ya haɗa da tukunyar matsi, sannan ya ajiye ingantaccen murhun itace don ranar taro ko ranar da gas ya yanke. Gidan karkara ya fara da ingantaccen murhun itace da kwandon riƙe zafi. Wanda kuɗinsa bai kai ya saya gaba ɗaya ba, ya rubuta abin da yake kashewa a gawayi na mako huɗu, ya je wurin mai cika gas mafi kusa ya tambayi farashin kilo a ranar, ya kwatanta, sannan ya shiga adashi da niyyar tukunyar gas ɗin idan lissafin ya nuna haka.