Zoɓo, rumman ko ƙwayar kantin magani: wanne ya cancanci riyal ɗinka?

Yayata da ke zaune a Makka ta kira ni kwanan baya. "Ƙanena, in ka shiga kantin magani a Jidda ka sayo min ƙwayar baƙaƙen 'ya'yan itacen nan, an ce tana saukar da hawan jini." Na ce, "Yaya, bari in fara zagawa kasuwar Bab Makka ta nan Jidda tukuna."

Abin da ake talla a kwalbar nan launi ne da masana ke kira antosayanin. Shi ke sa ɓawon inabi ya yi baƙi, shi ke rina ƙwayar rumman, shi ne kuma jan da ke cikin zoɓonmu, wanda 'yan Sudan da mutanen nan ke ce wa karkade. To tunda launin ɗaya ne, sai a duba inda ya fi araha da aminci.

Ni dai zoɓo na sa a gaba. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun gwada mutum 65 masu matsakaicin hawan jini. Waɗanda suka sha kofi uku kullum na mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, sauran da aka ba abin sha marar zoɓo kuwa da kusan maki 1 kacal. Ba waraka ba ce, amma ba tatsuniya ba ce. A wurin masu kayan ƙamshi ka nemi na yankin Kurdufan na Sudan, mai duhu kamar ya yi baƙi, wanda bai farfashe ba. Ka damƙi kaɗan a tafin hannu: mai kyau a bushe yake ƙarau, yana ƙamshin tsami. Wanda ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ya sha rana a bakin shago, kuma haske da zafi su ne maƙiyan launin nan. Saboda haka jiƙa shi cikin ruwan sanyi ya kwana ya fi a yi ta tafasa shi. Sai dai fa in an zabga masa sukari irin na zoɓon biki, an yi ba a yi ba.

Garin zoɓo na leda da ruwan kwalba su ne inda ake cin amana. Ga gwajin da kowace uwar gida za ta iya: zuba kaɗan a farin kofi, ki ɗiga ruwan kanwa. Launin asali nan take zai juye ya yi shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu. In ya tsaya ja zur, rini ne. A jikin kwalba kuma E163 shi ne launin tsiro, E122 da E129 na masana'anta ne.

Rumman ɗin Ɗa'if da baƙin inabi, in lokacinsu ya zo a ƙarshen zafi, ba su da na biyu wajen daɗi, kuma kana samun ɓawo da tsaki, ba launi kawai ba. Inabin a ci shi da ɓawonsa, can launin yake. Baƙin zabibi kuwa shanya ta cinye yawancin launinsa, ta bar sukari. Mai ciwon suga ya yi hattara.

Ƙwayar kantin magani fa? Yawanci daga bilberi, wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan itace na Turai, ake tatso ta, ana cewa tana ƙara gani da dare, amma gwaje-gwaje masu inganci ba su tabbatar da hakan ba. An kuma sha kama masu gauraya ta da rini ko ɓawon baƙar shinkafa. In ka nace, ka tabbata tana da rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, kuma an rubuta adadin antosayanin ɗin a jiki. Kada ka saya daga mai talla a WhatsApp.

Yaya dai kilo ɗaya na zoɓon Kurdufan na kai mata. Na kuma roƙe ta ta faɗa wa likitanta kafin ta mayar da shi abin shan kullum, domin tana kan maganin hawan jini, kada su haɗu su saukar da shi fiye da kima. Ta buɗe ledar ta shinshina, ta ce, "Ashe abin da Inna ke shanyawa a kan rufin ɗaki ne."